Tafkin da Ba a Motsawa

"To, in ba na sha ba ne, ba na wanki ba ne, kuma ka ce shanu ma kar su kusance shi, ruwan mene ne ke nan?"

Rukayyat ce ta yi tambayar, tana tsugune da ƙwarya a hannu a bakin wani rami mai faɗi da aka shimfiɗe da baƙar leda, can ƙarshen gonar mahaifinta a Digil. Saurayin da ya rugo ya hana ta ɗiba yana tsaye a kanta yana haki, gilashinsa ya zamo har kan hanci.

"Na ajiya ne," ya ce. "Zafin rana nake ajiyewa a ciki."

Ta ɗago ta kalle shi daga sama har ƙasa. Ta sa ɗan yatsa ta taɓa saman ruwan, sai dariya ta ƙwace mata.

"Malam, ranar taka ta gudu. Ruwan randar Dada ma ya fi wannan ɗumi."

Shi kuwa bai ma ji abin da ta ce ba. Dariyar yake kallo, da 'yar wushiryar da ta leƙo, da yadda ta yi saurin rufe baki da gefen mayafi. A nan take Habib ya manta da ma'aunin zafin da ke rataye a wuyansa, ya manta da littafinsa da ya yar a ƙasa garin gudu.

Habib ɗan marigayi Malam Alhassan ne, abokin Baba Bobboi mahaifin Rukayyat tun suna samari. A Yola ya tashi wajen dangin mahaifiyarsa, a can ya yi karatun injiniya, ya dawo Mubi da wani tunani da babu wanda ya gane kansa. Don darajar abota Baba Bobboi ya ara masa wannan kusurwar gonar mai tsakuwa, wadda ko gyaɗa ba ta yi. Bai san gishiri za a zuba ba sai ranar da ya ga mota tana sauke buhuna, fari fat, fiye da ɗari.

"Zauna in nuna miki," Habib ya ce da ya dawo hayyacinsa. "Kin san in aka ɗora ruwa a wuta, mai zafin ne ke tasowa sama, iska ta kwashe zafin?"

"Ni malamar firamare ce. Har aji huɗu na koyar da wannan."

"Afuwan, Malama. To nan ruwan hawa uku ne. Na can ƙasa ya sha gishiri har ya ƙoshi, ya yi nauyi. Rana tana ratsawa ta dafa shi, amma nauyinsa ba ya barinsa ya taso. Na tsakiya gishirinsa yana raguwa kaɗan-kaɗan har zuwa sama, shi ne bargon da ya lulluɓe zafin. Wanda kika taɓa kuwa ruwan daɗi ne. Duk bayan kwana biyu nake ƙara shi, a kan faifan katako nake zubawa don kar ya faɗa da ƙarfi."

"In kuma ya faɗa da ƙarfi fa?"

"Shi ke nan. Abu ɗaya ne tafkin nan ba ya so a duniya, motsi. Da zarar hawa ukun sun gauraya, zafin wata da watanni sai ya tashi ya bi iska."

Ya nuna mata bututun da ya naɗe a ƙasan tafkin. Ruwan rijiya mai tsabta zai shiga ta nan, ya zagaya cikin zafin, ya fito ta can, ya shiga wani duro da za a riƙa zaunar da tukunyar madara a ciki. Nan Rukayyat ta daina dariya. Shekara ashirin da biyar Dada Adi, mahaifiyarta, tana dafa madarar kindirmo a kan murhu. Idanunta sun koma ja, tari ba ya barinta, itacen ma sai an nausa har wajen Betso kafin a samu na kirki.

"Kana nufin babu hayaƙi?" ta tambaya a hankali.

"Ko kaɗan."

Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. Har ta yi nisa ta juyo.

"Sunana Rukayyat. Gobe zan dawo in ga ko ranar taka ta dawo."

Ta kuwa dawo. Ta dawo jibi, ta dawo gata. Kullum in an tashi daga makaranta sai ta ce za ta je duba 'yan maruƙa, alhali maruƙan suna gabas, tafkin yana yamma. Ita ce ta karɓi aikin rubuta lambobi a littafi saboda rubutunsa, a faɗarta, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Ita ce ke tsame ganye daga saman ruwan da 'yar raga, a hankali, tana riƙe numfashi.

Lambar tana hawa, wani abu ma yana hawa.

Ranar da ma'auni ya nuna digiri arba'in, da la'asar saƙo ya shigo wayarta:

"Malama, yau arba'in. Na fara zargin ba rana ce kaɗai ke ɗumama tafkin nan ba, don ranar da ba ki zo ba ko ɗigo bai ƙaru ba."

Ta karanta sau huɗu kafin ta amsa:

"Hamma Habib, ka ji tsoron Allah. Ranar hadari aka yi."

"Shi ne ai. Ba ki zo ba, gari ya yi duhu. Daga yau sunanki Ranata."

Ta kifa wayar a kan ƙirjinta, ta daɗe tana murmushi ita kaɗai. Sai can ta rubuta:

"To kai kuma Gishirina. Kaɗan ya isa, amma in babu kai komai lami ne."

Wata rana da yamma suna zaune a kan buhunan da suka rage, duwatsun da suka kewaye Mubi sun yi shuɗi a nesa, ya ciro wani ɗan makulli da aka ɗaura wa jan zare. Ya riga ya kewaye tafkin da waya saboda shanu, don warin gishiri yana jan su kamar ana kiransu.

"Biyu ne kacal," ya ce. "Ɗaya nawa, ɗaya naki. Ba ni da mota, ba ni da garke. Duk abin da na mallaka yana bayan ƙofar nan."

Ta karɓa ta damƙe shi a tafinta.

"Kin san me na gano?" ya ci gaba. "Ke da tafkin nan halinku ɗaya. A sama sanyi, sai tsiwa. Amma can ƙasa..."

"Rufe bakinka," ta ce, idonta ya ciko. "Ka je ka ga Baba."

Ya je, tare da baffansa, ranar Juma'a bayan sallar la'asar. Baba Bobboi ya karɓe su a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, aka yi gaisuwar Fulani, jam na, jam ƙalau, aka tambayi gida da gajiya da shanu. Da aka zo kan magana sai fuskarsa ta sauya.

"Habibu, mahaifinka ɗan'uwana ne, Allah ya jiƙansa. Don shi na ba ka wuri. Amma ni tunda nake ban taɓa ganin mai hankali ya haƙa rami ya binne gishiri ba. Gishiri a miya nake ganinsa, ko a kwamin shanu. Kai ka zuba shi taku arba'in daga rijiyata. In ledar nan ta huje fa? In rijiyar ta yi gishiri, ina zan kai shanu? A kasuwar shanu har suna ka samu, wai injiniyan miya. In ɗauki 'yata in ba mutumin da ake wa dariya?"

"Baba, a ƙarƙashin ledar akwai yumɓu da na daɓe hawa biyu..."

"Ban tambaye ka ba." Ya ja gemu. "Ba zan zalunce ka ba. Ka ce akwai wuta a ƙarƙashin ruwan sanyi. To, ranar Asabar ta ƙarshen watan huɗu, kafin ruwan farko ya sauka, zan zo da mutane. Ka buɗe famfonka. In ruwan ya ƙona ni, mu zauna mu yi magana. In bai ƙona ni ba, ka kwashe gishirinka, ka cike mini ramina, ka kuma cire yarinyar nan daga ranka. Kafin nan, matar gidana ban yarda ta taka wurin ba."

Rukayyat tana bayan ƙofar zaure ta ji komai. Ba a hana ta ita zuwa ba, watakila don Baba ya san hanin ba zai yi amfani ba.

A tsakanin nan ne Mahmoud ya ƙara ƙaimi. Dillali ne a kasuwar shanu ta Mubi, mai fara'a, mai farar mota, shekara biyu yana aiko wa Baba goro da gaisuwa. Ba mugu ba ne, sai dai bakinsa ba ya gajiya.

"Rukayya, ke da iliminki?" ya ce mata wata rana. "Wai rana a cikin ruwa! Gobe kuma zai ce ya ɗaure iska a buhu. In murhu ne matsalar Dada, gas zan saya mata."

"Na gode, Hamma Mahmoud. In gas ɗin ya ƙare fa?"

"A sake cikawa."

"Rana ba a kai ta gidan mai," ta ce, ta wuce abinta.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Mutane suna neman inuwa suna ƙorafi, Habib da Rukayyat kuwa murna suke yi kamar an yi musu kyauta. Hamsin da biyar. Sittin da uku. Saura kwana huɗu Asabar, ma'auni ya nuna saba'in da biyu. Habib ya buɗe famfon, tururi ya tashi, Rukayyat ta rufe fuska ta fashe da kuka.

Washegari Laraba motar haya ta lalace da ita a hanya, ga robobin kindirmon Dada cikin rana. Mahmoud ya zo wucewa ya ɗauke ta zuwa kasuwa. Habib yana bakin shagon masu kayan famfo ya hango ta a gaban farar motar, tana dariya. Abin da bai sani ba, dariyar ta labarin wani bijimi ce da ya kori dillalai uku. Kishi ya rufe masa ido, ya rubuta abin da bai kamata ba:

"Na gan ki. In kin gaji da jiran mai ramin gishiri, ki faɗa mini da bakinki, ba sai na gani a titi ba."

Amsar ta zo da zafinta:

"Wata shida ina tsame maka ganye, yau ka san ni da wannan? Kar ka sake kirana."

Ranar Alhamis ya tafi Mugulbu karɓo duron da ya ba maƙeri. Ita kuma ta tafi makaranta da kumburarrun idanu, ta bar makullin rataye a ƙusar ɗakinta don ba ta ma son ganinsa.

Dada Adi ta ga kukan 'yarta, ta ɗauka fargabar Asabar ce. Uwa kuwa ba ta iya zama. Da Baba ya fita da shanu sai ta leƙa katanga ta kira aminiyarta, Mama Elizabet, maƙwabciyarsu mai ƙuli-ƙuli, wadda suka yi goyo tare, suke raba naman Sallah da shinkafar Kirsimeti.

"Zo mu je mu ga abin nan da idonmu. In da abin da za mu taimaka wa yaran nan, mu yi."

Dada ta ɗauko makullin nan daga ƙusa, suka je suka buɗe ƙofa suka shiga. Ruwan garau yake, har ƙasa ana gani. A can ƙasan, ga gishiri nan ya kwanta fari a kan baƙar leda.

Mama Elizabet ta kama haɓa.

"Yesu! Adi, dubi. Gishiri duk ya kwanta bai narke ba. Wannan yaro bai taɓa shiga kicin ba. Yaya ruwa zai ji gishiri in ba a juya ba?"

"Shi ya sa saman yake sanyi," Dada ta ce, ta taɓa ta ji. "Wayyo, da Asabar ta zo a haka da ya sha kunya. Maza ke nan, karatu har Yola, amma juya miya sai an koya musu."

Suka koma gida suka ɗauko dogayen gora biyu da ake kakkaɓo mangwaro da su. Ɗaya ta tsaya gabas, ɗaya yamma, suka zura, suka dinga juyawa da iya ƙarfinsu kamar masu tuƙa tuwon biki. Har waƙa Mama Elizabet take yi. Ruwan ya turɓune, wani hazo ya fara tashi daga samansa, suka ce alhamdulillahi, ga shi ya fara aiki.

Sai Dada ta ɗaga gorarta sama za ta sauya hannu. Bakin gorar a fashe yake, ya ɗebo ruwa daga can ƙasa. Ruwan ya gangaro ya zubo mata daga tsintsiyar hannu har gwiwa.

Ihun da ta yi sai da tsuntsaye suka tashi daga bishiya.

Da la'asar Habib ya dawo da duro a bayan babur. Ƙofa a buɗe, kwaɗon yana rataye lafiyarsa ƙalau, ba a fasa ba. Tafkin ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, yana fitar da tururi a hankali, yana ba iska abin da ya tara tun ƙarshen damina. Ya zura ma'auni sama, ya zura ƙasa. Lamba ɗaya. Ya zauna a ƙasa daɓas.

Makulli biyu ne. Ɗaya yana aljihunsa.

"Rukayyat, an juya tafkin. Ba a fasa kwaɗo ba. Ki ce mini ba ke ba ce, zan yarda."

Lokacin da saƙon ya shigo, Rukayyat tana durƙushe a ɗakin Dada tana wanke mata ƙunar da ruwan sanyi, hannun duk ya yi bororo. Ta riga ta ji labari. Dada tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Na rantse taimako na je yi. Ki rufa mini asiri, Inna. Shekara talatin ban taɓa tsallake maganar babanki ba. In ya ji, da wane ido zan kalle shi?"

Inna take kiranta, don sunan uwar Baba aka sa mata. Rukayyat ta kalli hannun nan da ya goya ta, ta kalli wayar. Ta rubuta tana hawaye:

"Makullin a hannuna ka bar shi. Laifina ne. Ba ni da abin da zan ƙara."

Bai amsa ba. Juma'a ta zo ta wuce, babu kira, babu saƙo. Dada ta yini da mayafi a naɗe a hannu, ta ce wa Baba sanyin ƙashi ne ya motsa.

Asabar da hantsi mutane suka taru a bakin shingen wayar. Baba Bobboi da sandarsa, mai unguwa, dattawa biyu, baffan Habib, da Mahmoud da ya ce shi kallo kawai ya zo. Mata suna can baya a gindin mangwaro. Habib ya rame a kwana biyu, amma ya zo da farar riga a goge. Bai kalli wajen mata ba.

Ya buɗe famfon. Ruwa ya zubo. Baba Bobboi ya naɗe hannun riga ya tara tafinsa, ya bari ruwan yana zuba, yana zuba.

"Wannan ai ruwan alwalar tsofaffi ne," ya ce.

Mahmoud ya tuntsire da dariya.

"Baba, jarkar da na manta a bayan mota ta fi wannan zafi!"

"Me ya faru da wutar taka, Habibu?" Baba ya tambaya. "Na ga ruwan ya turɓune. Wani ya taɓa maka?"

Habib ya rufe famfon. Rukayyat ta kafa masa ido daga cikin mata.

"Babu kowa, Baba," ya ce. "Ni ne ban tsare shi yadda ya kamata ba. Alkawari kuma alkawari ne. Ka ba ni mako biyu in kwashe gishirin a hankali, kar ko ɗigo ya taɓa maka ƙasa."

"Ƙarya yake yi, Baba!"

Kowa ya juya. Rukayyat ta fito daga cikin mata, mayafinta yana ja a ƙasa.

"Ranar Talata saba'in da biyu ne, ni na rubuta da hannuna. Makulli ya ba ni amana, ni ce na..."

"Ita ma ƙarya take yi."

Muryar a dishe ta fito. Dada Adi ce, tana tafe a hankali, Mama Elizabet tana biye da ita da dogayen gora biyu a kafaɗa, bakinsu ya yi fari da busasshen gishiri. Dada ta zo gaban mijinta ta durƙusa, ta warware mayafin.

Mai unguwa ya ce, "Subhanallahi!"

"Adi!" Baba ya yar da sandarsa. "Me ya same ki?"

"Na saɓa maka, Malam. Na zo wurin nan. Na ga gishiri ya kwanta, na ce bari in juya wa yaron."

"Ni na ba da shawara," Mama Elizabet ta sa baki. "Baban Rukayya, in za a yi faɗa a yi da ni. Amma kai ma ka faɗi gaskiya, wace mace za ta ga gishiri a gindin tukunya ta wuce?"

Wani dattijo ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Habib kuwa ya sandare. Ya kalli gorar, ya kalli hannun Dada, sannan ya kalli Rukayyat a karo na farko tun Laraba. Ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan takalminta.

Baba Bobboi bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya kama hannun matarsa a gaban jama'a, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba. Ya juya shi a hankali yana duba bororon.

"Wannan ba ƙunar wuta ba ce," ya ce. "Ba ta mai ba ce. Shekara ashirin da biyar ina ganin ƙunar madara a hannun nan, na san ta tafasasshen ruwa in na gan ta. Daga ina ruwan ya fito?"

"Daga can ƙasa. Gorar ce ta ɗebo shi."

"Daga ƙarƙashin ruwan sanyin?"

"Wallahi, Malam, saman kamar randa. Ƙasan kuwa, ko a murhuna ban taɓa jin irinsa ba."

Ya daɗe a tsugune. Mahmoud ya ɗan yi tari.

"Amma Baba, sharaɗin ai kai ne ruwan zai ƙona."

"Mahmudu," Baba ya ce ba tare da ya ɗago ba, "wanda ya ƙona matata ai ya ƙona ni."

Mahmoud ya kalli hannun Dada. Sai ya cire hula ya sosa kai, ya yi 'yar dariya, ya miƙa wa Habib hannu.

"Injiniyan miya, ka ci. Amma ka saya wa surukarka ludayi ƙarami."

Habib ya durƙusa a gaban Dada.

"Dada, ki yafe mini. Na yi wa kowa bayani ban yi miki ba, alhali don ke na haƙa shi. Yau ɗin nan za mu je asibiti a duba hannun."

"Ni zan yafe maka? Ni da na zubar maka da wata shida?"

"Gishirin yana nan, bai je ko'ina ba. Zan sake jera ruwan hawa-hawa. Rana kuma gobe ma za ta fito."

Ya miƙe ya matsa kusa da Rukayyat, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ranata, na zarge ki sau biyu a mako ɗaya. Ban cancanci ko kallo ba."

"Gaskiya ne," ta ce tana share ido.

"Amma za ki kalle ni?"

"Ka ɗauka ni na juya, kuma ka ce babu kowa."

"Ko ke ce, da haka zan ce."

Ta ɗago ta kalle shi, wushiryar nan ta leƙo ta cikin hawaye.

"Gishiri ya yi maka yawa a ka, Gishirina."

Baba Bobboi ya ɗauki sandarsa ya miƙe. Ya yi gyaran murya, wuri ya yi tsit.

"Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun ranar da aka sauke buhunan nan, kullum da safe kafin shanu su sha, sai na ja guga na ɗanɗana ruwan rijiyata. Kullum. Yau da safe ma na ɗanɗana. Daɗinsa yana nan yadda ubana ya bar mini shi."

Ya nuna Habib da sanda.

"Wannan ya yi ƙarya don ya rufe 'yata. 'Yata ta yi ƙarya don ta rufe uwarta. Uwar kuma ta tona kanta don kar a zalunci ɗan mutane. Ni dai ban san me ake kira digiri ba, amma na san gidan da ake irin wannan ba ya rushewa."

Mama Elizabet ta saki guɗa tun kafin ya gama, sai da Dada ta ja mata zani.

"Ku shaida," Baba Bobboi ya ɗaga murya har na bakin hanya suka ji. "Ramin nan ba za a cike shi ba, na ba Habibu wurin har abada. Adi da Elizabet, ku da gora a kusa da shi sai dai kallo. Inna kuma na ba shi ita. Juma'a ta biyu bayan Babbar Sallah za a ɗaura aure a ƙofar gidana, kuma madarar da za a sha ranar, a tafkin nan za a dafa ta. Allah ya yi musu albarka, ya zaunar da su lafiya, ya hana kowa motsa su."